Tabon da ke Bayan Kunnen Momiji

Shekara arba'in da tara Tokuji Kuwabara ya yi yana hawa dutsen da ke bayan garinmu kowace safiya don ya ciyar da birai, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya kira wani biri da sunan wani ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa, kuma ba shi da wani bayansa. Bai yi karatu mai nisa ba, bai gina gidan a zo a gani ba, ko waƙa bai iya ba idan an taru an sha giya an ce kowa ya yi tasa. Amma ka tsayar da shi gaban birai ɗari da tamanin suna tsalle-tsalle, zai nuna maka kowanne, ya faɗi sunansa da na uwarsa da na kakarsa, da shekarar da aka haife shi, har da wanda ya cije shi a cinya yana ƙarami.

Ubansa manomin dankali ne a gindin dutsen, kuma aikin farko da Tokuji ya yi a duniya shi ne korar birai daga gona da gwangwani da sanda. Yana ɗan shekara goma sha tara aka gina cibiyar binciken birai a can sama, aka sauko gari neman wanda ba ya tsoron haƙori. Ranar da aka ɗauke shi, uban ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Shekara goma kana korarsu, yanzu kai ne za ka kai musu abinci har bakin gado. To, a gaida iyayen gidanka." Bai daina wannan ba'a ba har ya mutu.

Matarsa Fusae ce ta gaji ba'ar. Mace ce gajera mai kaifin baki, kuma tun da suka haifi 'yarsu guda take kiransa Baba.

"Baba, jikar jikar birinyar nan Matsu ka san ranar haihuwarta. To ni fa, yaushe aka haife ni?"

"Lokacin sanyi."

"Tsakiyar zafi ne, tsohon banza. Da na sani da na zo duniya da wutsiya, ko na samu a tuna da ni."

Kowane biri a cibiyar yana da lamba da aka zana masa da allura a ƙirji, ƙarƙashin gashi. Dokar aiki ta ce kafin a taɓa dabba sai an buɗe gashin an karanta. Amma wa zai karanta lamba Kuwabara-san, yadda ake kiransa don girmamawa, na tsaye? Wani sabon likitan dabbobi ya taɓa yi, shekarun baya. Tokuji ya ce "Ga Mugi nan," shi kuwa likitan ya sa yatsa ya buɗe gashi ya duba. Mugi ce. Wata guda cur gaisuwar Tokuji ga mutumin nan ba ta wuce ɗaga kai ba, har sai da likitan ya zo ya ba shi haƙuri. Daga ranar aka daina dubawa. Halinmu ke nan a nan: gara mu bar aiki ya lalace da mu sa dattijo ya ji an yi shakkarsa. Muna kiran abin ladabi, kuma wani lokacin ladabin ne, wani lokacin kuwa tsoro ne kawai.

Da ya cika sittin aka sallame shi da furanni da jawabi, washegari kuma aka roƙe shi ya dawo, don babu mai idonsa. Ya dawo yana gunaguni, ransa fes.

Shekara huɗu da suka wuce Dokta Sayuri Minegishi ta zo cibiyar. Siririya ce, ba ta kai arba'in ba, irin mutanen nan masu cin abinci a tsaye. Ta ce tsofaffin birai take nema. Tokuji ya tare ta a bakin rumfar abinci, wuƙar yankan dankali a hannu. Sensei ya kira ta, yadda muke kiran malami ko likita a nan.

"Sensei, ki faɗa mini gaskiya. Yanka su za ki yi?"

"A'a, Kuwabara-san. 'Yar fata kawai nake so daga bayan kunne, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba."

"Ki yi me da ita?"

Ta yi masa bayani, kuma ba ta yi masa irin na malamai ba, shi ya sa ta shiga ransa. Ta ce ba a iya buɗe kan mai rai a leƙa a ga abin da gigin tsufa ke ci a ciki. Amma fatar nan, idan aka sa ta a faranti aka riƙa ba ta ruwan abinci a akwati mai ɗumi, ƙwayoyinta suna yaɗuwa, kuma akwai dabarar da ake juya su su zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Abin mamakin shi ne ba sa mance shekarun mai su. Na tsohuwa a tsofe suke fitowa, na yarinya da ƙuruciyarsu. Sai a jera su a ga inda suka bambanta, a gwada magani a kansu. Biri kuwa idan ya tsufa yakan ruɗe kamar yadda mutum ke ruɗewa.

"Don haka aikina duka a kan abu ɗaya ya tsaya," ta ce. "In san wace ce mai fatar, da shekarunta. In aka ba ni ta wata, duk abin da na gani ƙarya ne."

"Wannan kuwa ki kwantar da hankalinki," Tokuji ya ce.

Matsu ya zaɓa mata. Shekararta talatin da ɗaya, babu birin da ya kai ta a dutsen. A zamaninta ita ce uwar garke, in ta zauna a kan dutse har manyan maza sai su kauce. Amma a lokacin ta soma ruɗewa. Takan tsaya a ƙofar rumfar da ta yi shekara talatin tana shiga, ta yi ta kallonta kamar baƙuwa. Takan ɓoye dankali a ƙarƙashin cinyarta sannan ta yi ta kuka tana nemansa. 'Yarta Momiji, mai shekara goma sha bakwai, ita ke binta ko'ina, kuma ta ɗebo kamarta sosai, har faɗin goshin.

Ranar ɗibar fata aka koro garken ta siririn lungu kamar yadda aka saba, Tokuji yana tsaye a bakin ƙyaure yana kallon masu wucewa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ga Matsu." Aka sauke ƙyaure, aka yi allurar barci, aka ɗebi fata a bayan kunnen hagu. Ba a fi minti goma ba. Ba wanda ya buɗe gashin ƙirji.

Bayan wata biyu Minegishi ta kira shi ɗakin aikinta, ta sa shi ya wanke hannu ya sa farar riga, ta ce ya leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ya ga wasu siraran zare sun miƙe suna kama juna kamar saiwar shinkafa a ruwa.

"Matsu ke nan," ta ce.

Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai ya gaida farantin. Ta yi dariya, shi kuwa bai ga abin dariya ba. Daga ranar kowace safiya sai ya ƙwanƙwasa tagarta da ɗan yatsa ya ce, "Sensei, tsohuwa ta kwana lafiya?" Ita kuma ta ce, "Lafiya lau, ta ci ta ƙoshi." Da sanyin shekarar ya yi tsanani Matsu ta mutu a kusurwar rumfa, Momiji na tsefe mata gashi. Aka ƙona ta, aka ajiye mata fararen furanni da dankali a gaban dutsen tunawa da dabbobi. Tokuji ya yi kuka, amma ya rarrashi kansa da cewa rabinta na nan da rai a akwatin ɗumi.

Shekara uku suka wuce a haka, Minegishi na ciyar da farantanta har ranar sabuwar shekara. Ta gaya masa ta soma ganin wani abu, kuma za ta kai shi babban taron masana. Shi kuwa a gida abubuwa suka soma ba shi haushi. Ya je kanti da motarsa ya dawo a ƙafa, ya kuma rantse sace ta aka yi. Fusae ta karɓe makullin ta ce motar ta lalace, kuma makanikin nan malalaci har yau bai gyara ba. A cibiya ma aka ce ana sauya kwaɗuna, aka karɓi makullansa, aka bar shi da yankan dankali da zama a bakin shingen waya na birai. Sauya kwaɗon da aka fara tun bazara har ganye ya yi ja ba a gama ba. Yakan ce mutanen yanzu ba su san aiki ba.

Wata Talata da hantsi, cikin kaka, yana zaune a bakin wayar, Momiji ta zo ta jingina bayanta kamar yadda ta saba don ya sosa mata. Ya zura yatsu yana tsefe mata wuya, yana yi mata hira. Ta karkata kai ta ba shi kunnen hagu. Yatsansa ya hau kan wani ɗan wuri mai santsi, zagayayye, babu gashi.

Ya buɗe gashin ya duba da kyau. Ba cizo ba ne, ba ƙaya ba ce. Ya san tabon, ya gan shi a kunnuwa fiye da talatin. Kuma ya san sunayen duk waɗanda aka ɗebi fatarsu, babu Momiji a ciki.

Ya tuna lungun, ya tuna faɗin goshin da ya wuce ta gabansa, ya tuna hannunsa a sama. Ashe tsohuwar da yake gaisarwa ta taga shekara uku ba Matsu ba ce. 'Yarta ce, mai shekara goma sha bakwai, lafiyayya garau, wadda ba ta taɓa mance ƙofa ba. Duk abin da Sensei ta gani a farantan nan tana cewa aikin tsufa ne, ba tsufa ba ne. Kuma wata mai zuwa za ta tsaya gaban masana ta faɗe shi.

Kwana uku ya yi da abin a cikinsa. Ba zan rufa masa asiri ba, ya yi tunanin yin shiru. Matsu ta zama toka, kunnenta ba zai yi magana ba. Wa zai je ya buɗe bayan kunnen Momiji in ba shi ba? In kuwa ya faɗa, shekara arba'in da tara sun tafi a banza, a ce ai Kuwabara ɗin ma ashe zato yake yi. Sannan sai ya amsa abin da ya fi wannan ba shi tsoro, wato dalilin da ya sa idonsa ya yi kuskure, da maganar mota, da yadda Fusae ke binsa da kallo in ya shiga ɗakin girki.

A rana ta uku ya wuce ta tashar bas, ya ga tsohuwa Toyo, maƙwabciyarsu mai shekara tamanin da shida, tsaye da jaka tana jiran motar makarantar da ta bari tun kafin a haife shi. Ɗanta na riƙe da hannunta yana lallashi. Da ya ga Tokuji sai ya yi murmushin gajiya ya ce, "Kuwabara-san, mutanenku na kan dutse ba su samo mana maganin ba tukuna?" Tokuji ya ce suna kan aiki. Daga nan bai koma gida ba, sai ya zarce shagon aski.

"Kai kuma!" in ji mai askin. "Wane gashi zan aske? Wanda na sauke ai bai gama tsirowa ba. Ko budurwa ka yi a cikin biran?"

"Rufe mini baki ka yi aikinka."

"To, ranka ya daɗe, sarkin dutse." Amma daga nan mai askin bai ƙara tsokanarsa ba, har ya raka shi bakin ƙofa, abin da bai saba ba.

Ya shiga shagon alewar wake, don ba a zuwa ban haƙuri hannu sake. Bai buɗe baki ba matar shagon ta ce, "Mai goma sha biyu, ko? In naɗe da farar takarda, ban da ado." Ya ce e, yana mamakin yadda wasu mata ke karanta fuska. A gida ya zauna ya niƙa tawada, ya rubuta takardar ajiye aiki da alƙalamin gashi, sau biyu yana yagawa. Da ya je ɗauko baƙaƙen kayansa na jana'iza sai ya same su rataye, a goge, ko warin maganin asu ba sa yi.

"Fusae," ya ce, "na yi abin kunya."

Ta ɗan tsaya da ludayi a hannu, ba ta juyo ba. "To. Zauna ka ci abinci tukuna."

"Ba za ki tambaye ni ko mene ne ba?"

"Miyar za ta huce, Baba."

Washegari ya hau dutsen a ƙafa cikin baƙaƙen kaya da takalmin da ke matse shi. Minegishi na zaune a ƙaramin ofishinta. Da ta ga kayan da kwalin, ta ajiye abin da take rubutawa, ta miƙe, ta rufe ƙofa. Tokuji ya ajiye kwalin a tebur, ya miƙa takardar da hannu biyu, sannan ya durƙusa ya kafa goshinsa a ƙasa. Ya faɗi komai dalla-dalla, ba ragi: lungun, hannunsa, tabon da ke kunnen hagu. Ya ce ba likita ne ya yi laifi ba, shi ne ya hana mutane dubawa da girman kansa. Ya ce kada ta je taron nan.

"Kuwabara-san, don girmanka ka tashi. Gwiwarka."

"Shekara uku na ƙona miki, Sensei."

"Na ji. Na gode da ka faɗa mini. Ba kowa zai iya ba. Tashi ka sha shayi."

Ya ɗago, ya dube ta. Idon da ya yi shekara arba'in da tara yana karanta fuska bai mutu duka ba. Babu firgita a fuskar nan, babu fushi, ko tambaya ɗaya ba ta yi ba. Fuskar mai jin labarin da ta sani ce. Ta ja aljihun tebur don ta sa takardar, kafin ta mayar ya hango wasu fararen ambulan uku a jere, da rubutun alƙalamin gashi a bayansu. Hannunsa ne.

"Sensei, buɗe wannan."

Ba ta motsa ba.

"Sau nawa na zo?"

Ta zauna a kujera. "Wannan ne na huɗu."

Ya ce ta gaya masa duka, kada ta tausaya masa. Ta gaya masa. Farkon zuwansa cikin bazara ne, saura wata guda taron. Ta ciro jinin Matsu da na Momiji da ke ajiye a firji ta gwada da farantan, ta ga gaskiyarsa ce. Ta janye daga taron, ta rubuta wa duk wanda ya kamata ta rubuta wa. An kuma dawo da karanta lambar ƙirji, ko wane ne a tsaye. Ta sake farawa da fatar wata tsohuwa, Kiku, wadda ba ta kai Matsu shekaru ba kuma ba ta kai ta ruɗewa ba.

"Fatar Matsu fa? Babu ko kaɗan?"

"Babu. Mun ɗauka muna da ita, shi ya sa ba mu ɗiba ba kafin a ƙona ta."

"Wa'adin aikinki a nan fa?"

"Zuwa bazara. Ana duba ko za a ƙara mini." Ta kau da kai. Ya gane ba za a ƙara ba.

Ya zauna dirshan a ƙasa cikin baƙaƙen kayansa. Ya tuna mai aski da matar shago da kayan da ya samu a goge, ya gane garin duka sun sani, sun kuma haɗa baki sun bar shi yana ta zuwa. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ba kunyar kuskuren ba ma, wannan ya shirya mata tun daga gida. Kunyar a tausaya masa ce.

"Alewar fa?" ya ce can.

"Muna rabawa a ofis. Tana da daɗi." Ta yi ƙoƙarin murmushi, ƙwalla ta riga ta. "Ka yi ta zuwa, Kuwabara-san. Ni ba ya damuna. Fusae-san da ni mun yi magana. In ka ga biran hankalinka yana kwanciya."

"In na ga biran sai in ga kunnen. In na ga kunnen sai in zo in fama miki ciwo, ki kuma tashi ki dafa mini shayi." Ya dafa tebur ya miƙe. "Uku kin sa a aljihu. Wannan ki kai wa shugaba. Ki kuma gaya wa mai gadi, ko na zo ina kuka kada ya buɗe mini."

"Kuwabara-san..."

"Yau da kaina nake magana, Sensei. Ban san gobe ba. Ki karɓa tun ina nan."

Ta miƙe ta ciro takardar daga aljihun, ta riƙe ta da hannu biyu, ta sunkuya ƙasa sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ya roƙi farar takarda da alƙalami, ya rubuta layi uku da manyan baƙi, ya ninke ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya juyo ya ja kunnensa na hagu.

"Nawa ba zai yi miki amfani ba? Na ga kamar ya nuna."

"Na mutum sai a asibiti, da takardu masu yawa."

"To in kun tashi ku ɗiba. Amma ku duba katina, kada ku tambaye ni ko wane ne."

Kafin ya sauka ya biya ta bakin waya. Ganin baƙaƙen kaya ya sa garken suka ja baya, sai da ya yi kiran da ya saba suka matso. Ya bi su ɗaya ɗaya yana kiran suna, kamar yadda yake yi kowace safiya tun yana saurayi. Mugi. Mame. Kiku. Sora da jaririnta. Ya kai wajen arba'in sai wani ƙaton namiji mai yagaggen leɓe ya zauna a gabansa yana kallonsa. Ya san shi, shi ya yi jinyar leɓen nan. Sunan ya ƙi zuwa. Ya tsaya yana jira, birin ma yana jira, har birin ya gaji ya tafi. Momiji ta zo ta jingina bayanta da waya. Ya sa hannuwansa biyu a aljihu ya juya.

Da ya isa gida ya ba Fusae takardar mai layi uku ya ce ta manna a jikin ƙofar fita, daidai tsayin idonsa. Ta manna, ba ta yi ba'a ko ɗaya ba. Baƙaƙen kayan kuwa ya sa ta ninke su ta zuba maganin asu ta kai can ƙasan akwati.

Kwana biyar ya yi yana sane. Ya gyara shingen lambu, ya taya ta jera farin tushe, wani irin dogon farin karas, a igiya don ya bushe, ya yi ta kallon dutsen ta taga. A rana ta shida, ƙarfe shida na safe, ta fito daga ɗakin girki ta same shi a bakin ƙofa, ya sa rigar aiki da dogayen takalman roba.

"Ina ƙunshin shinkafata? Za ki sa in makara, tsohuwa na can tana jira."

Fusae ta nuna masa ƙofar. Ya matsa ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

Tokuji, ka ajiye aiki da kanka.
Kada ka hau dutse.
Fusae ba ƙarya take yi maka ba.

Ya karanta sau biyu. Ya taɓa rubutun da yatsa, ya ga hannunsa ne, ba shakka. Sai ya zauna a kan dakalin cire takalma, takalman na ƙafarsa, har tukunyar shayi ta soma kuka a ciki. Mutumin da bai taɓa fashin rana ɗaya ba, ya san ba zai ajiye aiki haka kawai ba.

"Fusae," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Me na yi?"

Ta dubi layi na uku a jikin ƙofar. Sannan ta durƙusa a gabansa, ta kama takalmin dama ta soma ja.

"Ba ka yi komai ba, Baba. Tsufa kawai ka yi. Ɗaga ƙafar."